Ƙafafu a Jikin Bango

Daga ɗakin haya, bayan asibitin ƙashi.

Zuwa ga Yayata, 'yar kawuna, Mai Keke,

Bayan sallama da gaisuwa mai nauyin da sikeli ɗaya ba zai ɗauka ba, ina fata wannan takarda ta same ki cikin rangwame, ke da maƙwabtan da suke leƙo ki. Yaya kumburin ƙafafun? Kina shan maganin kuwa, ko kina ɓoye shi a gwangwanin maɓallai kamar yadda kika saba?

Ni dai na iso lafiya. Likita ya ce ƙasusuwan wuyana ne suke mannewa da juna, shi ya sa kaina ya sunkuya ya ƙi ɗagowa. Ya ɗaura mini wani abin wuya mai tauri, ya ce zan yi watanni a garin nan ana gasa wurin ana ja. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina ce wa ɗalibai su ɗaga kai su dube ni, yau ga ni ina yawo kamar wanda ya yar da allura. Na san za ki yi dariya. Yi abinki, ai dama tsakaninmu ne.

Ban manta da saƙon da kika ba ni a bakin ƙofa ba, kina magana kina kallon wani wuri: in na ga 'yarki, wadda na raɗa wa 'Yar Gawayi tun tana rarrafe, in duba miki halin da take ciki. Tun shekarun da kika wanke zanen da ta yi a bangon tsakar gida ta bar gari, ba mu da wani labari sai cewa tana cikin masu zanen bango na birnin nan. Don haka duk ranar da aka sallame ni da wuri, sai in bi unguwannin da ake zanen.

Yaya, da za ki ga garin nan! Babu bangon da aka bari tsirara. Mutane na zuwa daga nesa don kallo, su tsaya a tsakiyar titi baki buɗe, wayoyi a sama, masu babur na zaginsu. An ce akwai kifin da ya haye bene guda, da mace mai gashin furanni, da tsuntsun da ya lulluɓe gidan ajiyar kaya da fukafukansa. Na ce «an ce» domin ban ga ko ɗaya ba. Idona ba ya wuce ƙirjin mutum, titunan kuwa matsattsu ne, babu filin da zan ja da baya in hango. Saboda haka na zama baƙo na musamman: ƙafafu nake kallo.

Na kuwa gano abin da masu ɗaga kai ba su sani ba. Mai zane a ƙasa yake gajiya. A sama yake zuba basirarsa, kafin ya sauko daga tsani rana ta yi, hannu ya mutu, sai ya sallami ƙafa da abin da ya samu. Na ga wani ɗan ƙwallo da jama'a ke yabawa, ƙafafunsa biyu duk na hagu ne. Na ga faratan tsuntsun nan an manne su da tallan mai gyaran famfo. Na ga wani babban mutum da aka ce kwarjinin fuskarsa na sa a yi shiru, amma takalminsa ba igiya, kuma daidai nan karnukan unguwa suka mayar wurin ziyara. Fenti kuwa duk ƙasa yake gangarowa, zara-zara, ja da shuɗi da rawaya, har bakin kwata. Kowane murmushi aka zana a sama, ni hawayensa nake samu. A can ƙasa kuma akwai baje kolin da ba mai ɗaukar hotonsa: yara sun bi gindin katangu da alli, mota, kyanwa, gida mai taga ɗaya, mutumin da hannayensa suka fito ta kunne. A gabansu na fi daɗewa.

Sun ce in ɗaga kai in ga ado,
Na ce wuya ya hana ni hango;
Rabon wasu rana da tauraro,
Rabona ni gindin bango.

Mai shayin da ke ƙasan benenmu ya ce masu zanen ba su da shago, yau suna nan gobe suna can, sunayen da suke sa wa a bango kuma ba na iyaye ba ne. Zan ci gaba da bi. Ki rubuto, tunda kunnuwanki sun daina shiri da waya.

Ƙaninki mai sunkuyayyen kai.

*

Zuwa ga Mai Baitoci,

Na amsa gaisuwa. Takardarka ta zo, na karanta na sake karantawa don in tabbatar ba zazzaɓi ne ya rubuta ta ba. Na aike ka neman mutum, ka aiko mini da labarin takalma. Wuyan naka ma ai ba ciwo ba ne, alhakin yaran da ka dama da hadda ne. Allah dai ya sawwaƙe, ka riƙa bin abin da likita ya ce.

Kumburi bai sauka ba. Yanzu ko silifas ba ya shiga. A asibiti sun ce daga zuciya ne. Keken yana nan a gindin taga, yana kallona ina kallonsa. Na mayar wa mutane yadinsu.

Ka rubuta wai na wanke mata zane, sai ka ce kisan kai na yi. Gidan haya muke, mai gida ya zo ya tsaya yana ɗaga mini murya a gaban masu kawo ɗinki. Kuma me ta zana? Wata mata ce mai murtukakkiyar fuska, goshi duk layi, baki a tsuke kamar ta sha abu mai tsami. Na ce mata, wace ce wannan mummunar da za ki jawo mana kora saboda ita? Na ɗauko bokiti da tsumma. Ta tsaya kanta a ƙasa kamar kullum. Ba a jima ba ta haɗa kayanta. Budurwa ce lokacin, ba jaririya ba. Har gobe ban ga abin barin gida a nan ba.

Ban ce ka roƙe ta ba. Ka gan ta da idonka kawai, ka faɗa mini ta rame ko ba ta rame ba. In za ka rubuto kuma ka rage baitocin nan, numfashina ba ya kai ƙarshen layi.

Yayarka.

*

Yayata abar girmamawa,

Gaisuwa da addu'ar samun sauƙi. Gashin wuya yana nan ana yi, sauƙi kuwa yana tafe a hankali kamar mai jin kunyar shigowa. Na rage baitoci bisa umarni, amma ki gyara zama kafin ki ci gaba.

Shekaranjiya na ɓata hanya a bayan tashar motoci, na faɗa wani lungu, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai gyaran takalmi. Akwai dogon bene a wurin, an ce da can masaƙa ce. Abin da na fara gani a jikinsa wani baƙin ƙarfe ne mai faɗi, mai huda-huda kamar saƙar raga. Na tsaya ina tunanin inda na san shi. Matakin keken ɗinki ne, Yaya. A kansa kuma ƙafafu biyu, kowace ta kai tsawon benci.

Ta dama a gaba, ta hagu a baya, dunduniya a ɗage. Ƙaramin yatsan hagu ya hau kan ɗan'uwansa. A idon sawun dama ga tabon da igiyar keke ta yi miki shekarar da kika yi ɗinkin 'yan makaranta. Ga faso a dunduniya, ga guntayen zare a ƙasa, fari da kore, ga ɗan maganaɗisun da kike tsintar allura da shi ya gangara jikin ƙafar tebur. Na san ƙafafun nan tun muna yara kina harbina da su a ƙarƙashin tabarma.

Na ce miki masu zane a ƙasa suke gajiya. Ban da wannan. Babu ɗigon fenti ko ɗaya da ya zubo, kowace jijiya an bi ta da haƙuri. Duk birnin nan, wannan ne kaɗai bangon da aka fara daga ƙasa.

Na tambayi mai walda abin da ke sama. Ya ce, «Baba, mace ce tana ɗinki.» Na ce fuskar fa? Ya ce, «Wallahi kullum a nan nake, amma baƙin gilashi ne a idona, ban taɓa lura ba.» Mai gyaran takalmi ya ce shi ma ɗan'uwana ne, ƙasa yake kallo. Amma ya tabbatar mini mace ce ta zana, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ya ce takan zo jefi-jefi, ta tsaya ta ɗaga kai, ta juya ta tafi. Na bar masa kwatancen ɗakina.

Ƙaninki.

*

Mai Baitoci,

Jiki da sauƙi. Ka tabbata nawa ne? Ƙafa ai ƙafa ce, masu tabo kuma suna da yawa. Amma maganaɗisun nan, har yau yana inda ka ce.

To in nawa ne, wace irin fuska ta sa mini? Ka san yadda za ka yi ka gani. Kada ka yi mini ado, kada ka rage, kada ka ƙara.

Yayarka.

*

Yayata,

Gaisuwa irin ta mai cika umarni. Ina fata ana samun barci, kuma matashin da aka ce ki riƙa ɗora ƙafa a kai bai koma wurin kwanan kyanwa ba.

Hanya ɗaya ce ta rage wa mai irin wuyana ya ga sama. Na roƙi mai walda kwali, na shimfiɗa a gindin bangon, na cire hula na riƙe, na kwanta rigingine a gefen titi da tsakar rana, ni da ko a ɗakin malamai ban taɓa miƙe ƙafa ba. Nan da nan mutane suka taru. Wata baiwar Allah ta ɗauka suma na yi, ta juye mini ruwan gorarta a fuska. Mai walda yana cewa, «Ku ƙyale shi, kallo yake yi!» wani kuma na cewa ai haka abin yake farawa. Da suka gaji suka watse, sai sama ta buɗe mini, karo na farko tun da na zo garin nan.

Na ga teburin keke. Na ga hannayenki, na hagu ya danne yadi, na dama a kan wili, da ɗan awon nan a rataye a wuya. Na ga kafaɗar da ta fi 'yar'uwarta sauka. Na ga ɗankwali, ƙullinsa a gefen hagu yadda kike yi.

Kin ce kada in yi ado, to ba zan yi ba. Babu fuska. Tsakanin ɗankwali da wuya siminti ne tsirara, fes, kamar an bi wurin da ruwa da tsumma. Ta zana duk abin da yake naki, ta bar gurbinki.

Na daɗe a kwance ina kallon gurbin nan, girgije na wucewa ta bayansa, har na rasa ko ruwan gorar matar nan ne yake gangaro mini cikin kunne. Ban san abin da zan ƙara ba, abin da kin san ba ya yawan samuna. Zan riƙa komawa har Allah ya haɗa mu.

Ƙaninki.

*

Yayata,

Wata ya mutu, wani ya tsaya har ya yi ƙwari, ban ga hannunki ba. Kullum na dawo sai na tambayi mai shayi ko an bar mini saƙo, har ya fara girgiza kai tun daga nesa. In fushi kike yi, ki rubuto ki zage ni. In jiki ne, ki sa a rubuto. Shirun nan ya fi abin wuyan nan shaƙe ni.

Na gan ta.

Kwanciyar nan ta zame mini jiki, har yaran lungun sun sa mini suna Baba Rigingine. Ran nan ina kwance, sai wani kai ya shiga tsakanina da sama. Aka ce, «Kawu, don Allah tashi. Kana ba ni kunya a unguwa.» Labari ne ya kai mata cewa wani tsoho ya mayar da gindin bangonta asibiti. Na ce, «Tsoho kakanki. Kama ni in tashi.» Ta kama ni tana dariya, kafin in miƙe dariyar ta zama wani abu dabam.

Ga amsar tambayarki ta farko: ta rame kaɗan, amma ramar aiki ce. Na kai ta wurin mai shayi, ta ci burodi da ƙwai a gabana, har ta taya ni cin nawa. Tana da ɗaki, tana da abokan aiki, ana kiranta ta zana makarantu da asibitoci. Farcenta ne dai ba ya rabo da fenti.

Na ce, «'Yar Gawayi, me ya sa kika hana mahaifiyarki fuska?»

Ta juya kofi a hannunta ta ce, «Kawu, ba hanawa na yi ba. Ban san ta ba ne.»

Na ce wannan wace irin magana ce?

Ta ce, «A ƙarƙashin keke na girma. Nan nake wasa, nan nake barci. In Inna tana cikin farin ciki ƙafar na tafiya a hankali, in ranta a ɓace yake har tebur na rawa. Daga nan nake sanin ranar da zan roƙi abu. Da na girma kuma, in tana magana ƙasa nake kallo. Sau ɗaya na gwada fuskar. Na yi ta satar kallonta tana sa zare a allura, na haɗa kaɗan-kaɗan, na zana a bangon tsakar gida don ta fito da safe ta gani. Ta fito ta ce wace ce wannan mummunar. In mai fuska ba ta gane fuskarta ba, ai ni ce ban iya ba. Na hau wancan bangon riƙe da fenti sau ba adadi, in na kai wurin sai hannuna ya tsaya.»

Yaya, gurbin nan ba gogewa aka yi ba. Jira yake yi. Na faɗa mata halin ƙafafunki, ta ce, «Ta daina taka keken?» Da na ce e, sai ta tashi ta fita waje, na ga takalmanta sun daɗe a tsaye a bakin kwata.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Ƙaninki da ke cikin zullumi.

*

Daga gadon asibiti.

Mai Baitoci,

Ka yi haƙuri da rubutun, akwai allurar ruwa a hannun. Takardarka ta kwanciya a titi ta zo, na kai inda ka ce kamar an bi wurin da ruwa da tsumma, na ninke ta. Na ce to, ta rama. Na wanke nata, ta wanke tawa a gaban duniya. Ban ga abin amsawa ba. Bayan nan numfashi ya ƙi, maƙwabciya ta kawo ni nan. Takardarka ta ƙarshen nan ta daɗe a kan keke kafin maƙwabciyar ta tuna ta kawo mini.

Kai kuma, duk kalmomin da ke cikin kanka ka rasa wadda za ka ɗauko sai tsumma? Na ce kada ka yi ado, ashe ko a gaban gawa sai ka yi.

Da na gama karantawa na sa ma'aikaciyar jinya ta aro mini madubi. Rabona da in tsaya gaban madubi don kaina har na manta, kullum bayan mai gwada riga nake tsayawa ina duba kafaɗa. Na duba. Ita ce, Malam. Goshin, bakin, har layin nan da ke tsakanin gira. Haka nake yi in ina neman kafar allura. Yarinyar ta iya zane tun a lokacin.

Ka ce mata in tana son fuskar ta zo ta ɗauka tun tana nan.

Yayarka.

*

Mai Baitoci,

An sallame ni, ina gida. Sun ce gida ya fi, na kuwa gane abin da suke nufi.

'Yarka ta zo. Ta yi sallama ta durƙusa, kai a ƙasa, ni ma na rasa inda zan sa idona sai kan ƙafafunta. Duk fenti. Muka yi ta gaisuwa kamar baƙi a tasha, lafiya, lafiya lau, ya hanya, ya jiki, har maƙwabciya ta ce in ba mu daina ba za ta kawo mana alƙali.

Washegari ta zaunar da ni a gindin taga, ta ɗauko takarda da gawayi. Ta ce, «Inna, ɗago ido.» Na ce, «Ke ma ɗago.» Ta ce, «Ki daina tsuke baki.» Na ce, «Haka aka halicce shi.» Ta ce, «To ki tuna wani abu mai daɗi.» Na ce ba ni da lokacin wannan. Amma sai na tuna. Na ce mata, lokacin da kike barci a ƙarƙashin keken nan, kin san sau nawa nake tsayar da ɗinki in sunkuya in leƙa ki? Da na ji kin yi shiru sai in leƙo, in cire miki zare daga gashi, in koma. Ke ba ki taɓa gani ba, idonki a rufe yake. Ta ajiye gawayin. Ranar dai ba a yi zane ba.

An yi daga baya. Ta cika takardu. Ta wanke mini ƙafa, ta shafa mai, ta yi wa keken ma. Ba ta iya dafa komai ba, ka gaya mata na faɗa.

Yanzu na kore ta karo na biyu, amma wannan da hannuna na zuge mata jaka. Na ce ta je ta rufe gurbin nan, ba na son mutanen birni su ɗauka uwarta ba ta da fuska. Ta ce sai na warke. Na ce in ta jira wannan bango zai rushe.

Wannan tsakanina da kai ne. Ruwan kumburin ya fara hawa sama, da safe idona da ƙyar yake buɗuwa. Ta samu fuskar da take nema, ba na son ta ga wadda ke tafe ta ɗora a kai. In ta gama ka zame mini ido. Wannan karon ka yi adonka, na yarda.

Yayarka.

*

Yayata, 'yar kawuna, Mai Keke,

Gaisuwa ta mai gaggawa, domin mai kawo miki takardar nan tana tsaye a kaina da jaka a kafaɗa. Na riƙe amanarki har fenti ya bushe, daga nan na ce mata ta kama motar farko. Ki yafe mini wannan.

Da ta dawo ta tarar mai benen ya ba da hayar saman bangon. An kafa wani ƙaton allon talla tun daga kan teburin keke har rufi, ya rufe hannaye da kafaɗa da ɗankwali da gurbin da muke ta magana a kai. Ta tsaya riƙe da takardunta, ni kuwa na fara haɗa kalmomin ta'aziyya. Sai ta ce wa mai walda, «Ara mini benci, yau ba na buƙatar tsani.»

A ƙarƙashin tebur ta zana ki, Yaya. Kin tsayar da keke, kin sunkuyo ta gefe, kanki ya leƙo ta ƙasan allon tallan, bakin ɗankwali na lilo har yana taɓa guntayen zare. Na ce mata babu bayan ɗan Adam da zai lanƙwasa haka. Ta ce, «Na Inna ya yi.» Goshin yana nan da layukansa, ba ta rage ko ɗaya ba. Bakin yana nan a tsuke, amma gefe ɗaya ya fara kubcewa, kamar kina riƙe dariya don kada ki tashi mai barci. Idanun kuwa ba titi suke kallo ba. Wani ɗan wuri suke kallo a gefen mataki, inda ta bar fili daidai kwanciyar yaro. Jiya na ga wata yarinya 'yar lungun ta zauna a wurin tana shan rake, ba ta san ana kallonta ba. Masu wayoyi sun fara zuwa, kuma dole su durƙusa kafin su ɗauka. Birnin da ya saba ɗaga hanci, kin sa shi ya rusuna.

Na zo da wuya ina neman sauƙi,
Na samu abin da ya fi shi tsada:
Fuskar da ta ƙi hawa sama,
Ta sauko ƙasa don mu gaisa.

Likita ya gama nasa. Ya ce wuyan ya tsaya inda ya tsaya, ba zai ƙara sunkuyawa ba, ba zai kuma miƙe ba. Ya faɗa yana ba ni haƙuri, ya yi mamakin da bai ga na damu ba. Bai san cewa duk garin nan ni kaɗai nake haɗa ido da ke a tsaye ba.

Ki jira ta. Umarni ne daga ƙani, na san ba ki saba bi ba.

Ƙaninki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ya wuyan?

Na iso da hantsi, na tarar da takalman mutane a ƙofar ɗaki. Inna ta cika tun jiya da yamma, an riga an kai ta. Maƙwabciya ta ce ba ta sha wahala ba. Ta ce ta yi ta tambaya ko an ga ɗan aike, daga baya ta ce a bari, ai ta san Kawu, sai ya gama zaɓen kalmomi.

Na buɗe takardarka na karanta da ƙarfi a gindin taga, har baitocin. Yanzu na gane dalilin da ya sa ta zuge mini jaka. Ban yi fushi da kai ba, ita ma ina ƙoƙari.

Zan zauna in kwashe ɗakin. Keken ni zan ɗauka. Na leƙa ƙarƙashinsa, maganaɗisun yana nan.

Kawu, kada ka ƙara kwanciya a titi. In ka bi ta lungun gobe, ka gaya mata na iso lafiya.

'Yarka,
'Yar Gawayi.